Sadakar Gero a Pantai Dalam

Shekara da shekaru ina malamin gona a Malumfashi, kuma rabin aikina koya wa manoma korar tsuntsu daga gero ne. Na shiga ƙauyuka a kan babur da gwangwanaye da zaren tsohon kaset, na yi wa dattawa lacca a kan tsuntsun jan baki mai cinye gero har muryata ta dishe. In ka ji an ce Sirajo mai tsuntsaye, ni ake nufi, kuma ba don ƙaunarsu aka sa mini sunan ba. To ni ɗin nan ne Allah Ya kawo Kuala Lumpur, Ya tsugunar da ni a bayan kicin ina kiran kurciya da fito.

Matata Ruƙayya ce ta samu gurbin digiri na uku a fannin haɗa magunguna, ni kuma na biyo ta kamar akwati. Takardar zamana ma haka ta ce, sai dai ta faɗa cikin ladabi: wanda ake riƙo. Ba ni da izinin aiki. Da safe Ruƙayya ta rataya jaka ta hau bas ta tafi ɗakin bincike, ni in wanke kofuna biyu, in share falo, in duba waya in tarar can Malumfashi tsakar dare ne, mutanen gida ko juyi ba su yi ba a kan gado. Gidan da muke haya a unguwar Pantai Dalam a hawan ƙasa yake, cikin wani tsohon bene. A bayan kicin ɗinmu akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, sai kwata, sai reshen mangwaron maƙwabta da ya leƙo ta kan katanga.

Wata rana da aka tafka irin ruwan la'asar ɗin nan na garin, Ruƙayya ta shigo riƙe da leda. Na ɗauka tapau ta yo mana, wato abincin da ake saya a ƙunso a kawo gida. Har na ɗauko faranti. Sai ledar ta yi kuka. 'Yar kyanwa ce ja, jiƙe sharkaf, ta tsinto ta a bayan wani shagon shayi. Sunan da ya bi ta ke nan, Tapau.

A garinmu kyanwa ma'aikaciya ce. Ta kama ɓera ta ci, in ba ta kama ba ta kwana haka, ba mai tambayar yadda ta tashi. Tapau kuwa tana da kwanon ci, da kwanon sha, da yashi na musamman da nake kwashewa da hannuna mai albarka. Ruƙayya ta kafa doka cewa ba za ta taka waje ba, saboda motoci da karnuka da biran da ke gangarowa daga tudu. Sai muka zama mu biyu a gida, ni da ita, kowa ana ciyar da shi, kowa ba ya fita sai da dalili.

Da ta girma sai ta canza. Ta daina ci, ta dinga tsige gashin cikinta, ta yi wa kujerar mai gida kaca-kaca da farce. Ruƙayya ta tayar da hankali, amma aiki ya riƙe ta, don haka ni na saka Tapau a kwando na kai ta wurin likitar dabbobi. Likitar wata 'yar Sin ce, siririya, mai saurin magana. Ta leƙa kunne, ta leƙa baki, ta matsa ciki, sannan ta cire safar hannu.

"Not sick lah," in ji ta. "Boring only."

Wai ba ta da ciwon komai, zaman gida ne ya gundure ta. Likitar ta tambaye ni wa ke wuni da ita. Na ce ni ne. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ah," in ji ta.

An sha zagina a duniya, har manomi ya taɓa bi na da fartanya, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan "ah" ɗin ba. Mutum da digirinsa, da gemunsa, a ce ya zauna da kyanwa har ta fara tsige kanta don gundura. Likitar ta ce in dinga zuba wa tsuntsaye abinci a bayan taga, kyanwa ta samu abin kallo, shi ne talabijin ɗinta. Da Ruƙayya ta dawo da yamma ta tambaye ni, sai na ce likita ta ce lafiyarta ƙalau. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Na fara da sauran shinkafa. Hankaki suka sauko. Hankakin nan ba su da farar riga a ƙirji irin namu, baƙaƙe ne ƙirin, ga rashin kunya. Tapau ta leƙa sau ɗaya ta shige ƙarƙashin gado. Na gwada burodi, tururuwa suka yi mini godiya. Ina cikin tunanin haƙura sai idona ya faɗa kan wani farin bokiti mai murfi a saman kabad. Geron Ruƙayya ne. Daga gonar mahaifinta aka aiko shi, cikin kayan wani ɗalibi da ya dawo hutu, ta ajiye don kunun azumi. A garin nan samun gero irin namu sai an sha wuya. Na ce ai tafin hannu ɗaya ba zai yi komai ba.

Kafin rana ta take sai ga wasu ƙananan kurciyoyi masu zane-zane a wuya, sai gwara, sai wani baƙin tsuntsu mai rawayan baki da ke tafiya kamar ɗan sandan da ya ga direba ba lasin. Tapau ta haye kan tagar kicin, ta manna hanci a raga, wutsiya na kaɗawa, haƙoranta na wani irin ke-ke-ke da ban taɓa jin kyanwa ta yi ba. Ranar ta cinye kwanonta tas.

Ni dai na jawo kujera ne don in ga ko maganin yana aiki. Haka na gaya wa kaina. Ba a daɗe ba na san kowa a filin. Mai rawayan baki na sa masa Darakta, don sai kowa ya taru yake zuwa ya kori kowa. Wata kurciya mai ɗingishi ita ce Akanta, ba ta taɓa ɗaga kai in tana ci. Ina ba Tapau labarin abin da ke faruwa kamar mai sharhin ƙwallo, ita kuma tana amsa mini da wutsiya. Gashin cikinta ya fara tsirowa. Ni ma, in za a faɗi gaskiya, na daina kwanciya bayan hantsi.

Wata safiya ina tsugune ina watsa geron sai na ji murya daga sama. Bashira ce, matar Malam Lawal da ke hawan da ke kanmu, wadda kowa ke kira Maman Adnan. Shanya take yi.

"Malam Sirajo, ina kwana. Kai, wait. Gero nake gani? Geron gida?"

"Lafiya lau, Maman Adnan. E, shi ne."

"Ni nan na zagaye kasuwar Chow Kit kaf ina neman ko gwangwani ɗaya in dama wa Adnan kunu, tak ada, babu. Kai kuma tsuntsaye kake ba? Seriously?"

Na ɗaga kai na dube ta. Sai na ga kaina yadda take ganina: ƙato da furfura a gemu, da zanen barci, a tsugune a bakin kwata. In na ce mata kyanwa nake haɗa wa talabijin, kafin azahar labarin ya kai wa 'yan Arewan unguwar Danau Kota, kafin magariba ya kai Malumfashi. Bakina ya riga ni yanke shawara.

"Sadaka ce," na ce.

Ta sauke rigar Adnan da ke hannunta. Da ta sake magana muryarta ta sauka, irin muryar da ake gaishe da mara lafiya da ita.

"Allah sarki. Allah Ya karɓa, Malam. Allah Ya biya buƙata. Allah Ya sa a dace."

Na ce amin da ƙarfi. Na koma ciki ina yaba wa kaina, har na ce wa Tapau ta ga yadda manya ke fita daga rami.

Sai ranar Juma'a na gane ramin da na shiga. Bayan an sauko masallaci mukan zauna a shagon mamak, irin shagunan shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, mu 'yan Arewa mu cika tebur biyu. Ina zama Malam Lawal ya kamo hannuna da hannayensa biyu, ya ƙi saki.

"Ka yi dabara, wallahi," in ji shi a hankali, irin a hankalin da kowa ke ji. "My cousin a Funtua, shekara goma sha babu labari. Haka malam ya ba shi, gero, tsuntsaye, kullum da safe. Yanzu twins. Wane malami ne naka? Na gida ne ko na nan?"

Kafin in buɗe baki wani saurayi mai suna Zulkiflu, da ke karatun bankin Musulunci, ya ajiye cokali.

"Malam Sirajo, with due respect, ciyar da tsuntsu lada ne, ba musu. Amma a ce wani ya ƙayyade maka gero don neman haihuwa, wace hujja ke nan?"

Tebur ya rabu biyu. Aka shiga jawo ayoyi da hadisai a kaina, ina zaune a tsakiya da kofin shayi yana hucewa. A wurinmu in aka ga babban mutum yana watsa wa tsuntsaye tsaba da sassafe ya ce sadaka ce, an san malami ne ya ba shi, kuma an san akwai abin da yake nema. Nawa kuwa ba sai an yi duba ba. Kowa a teburin nan Abban wane ne. Ni kaɗai ake kira da sunan da aka raɗa mini.

Mun daɗe da aure, ni da Ruƙayya, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yi yawon asibiti a Katsina da Kano da Zariya, an ce ni lafiya, ita lafiya, a jira. Ranar da muka fito daga asibiti na ƙarshe ta yi kuka a mota har na ji tsoro. Sai na tsayar da motar na ce mata ni na haƙura, ita ta ishe ni, kada ta ƙara zubar da hawaye a kan wannan magana. Tun daga ranar ba mu sake tayar da ita ba. Ina alfahari da wannan jawabi nawa. A ganina shi ne abu mafi kyau da na taɓa yi a matsayin miji, kuma a kansa zaman lafiyar gidanmu yake tsaye.

Yanzu ga shi duk 'yan Arewan Kuala Lumpur sun san Sirajo bai haƙura ba, har ya bi ta bayan matarsa ya nemi malami. In maganar ta kai kunnen Ruƙayya, za ta ce ashe duk shekarun nan ƙarya nake mata, ina murmushi a gabanta ina ƙorafi a bayanta. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Na yanke shawarar daina zuba geron. Washegari Darakta ya zo ya tsaya a kan katanga yana zagina, Tapau ta zauna a taga tana wani kuka mai tsawo kamar an yi mata rasuwa. Ban kai hantsi ba na buɗe bokiti. Ga kuma jama'a sun shigo cikin lamarin da zuciya ɗaya. Wata baiwar Allah daga Danau Kota, da ban taɓa gani ba, ta aiko mini da ƙullin gero da saƙon cewa in sa da ita a addu'a. Har Caroline, 'yar Kafanchan da ke aikin jinya, ta tare ni a bakin lif ta ce, "Oga Sirajo, we dey pray for una for church, Allah zai yi." Na ce amin. Na zama mutumin da ba ya faɗin komai sai amin.

Sai abubuwa biyu suka fara ɗaure mini kai. In na dawo daga sallar asuba gari ya fara haske, sai in tarar kurciyoyi sun riga sun sauka suna ci, alhali ban zuba ba. Na ce Maman Adnan ce ke taya ni daga sama, Allah Ya saka mata. Na biyu kuma Ruƙayya ce. Ta fara dawowa da wuri. Ta sayo mini wata riga mai ruwan ƙasa a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ba tare da wani dalili ba. Tana wanke-wanke tana waƙa a ƙasa-ƙasa. Rannan ina cin abinci na ɗaga kai na ga ta zuba mini ido tana murmushi.

Da yake ni mai kaifin basira ne, nan take na gano abin da ake ciki. Ta ji labari, tana jira ne in faɗa da bakina, in ban faɗa ba ta fashe. Rigar ma na ɗauke ta a matsayin gargaɗi. Na ga gara in riga ta. Gara ta yi mini dariya har ƙarshen rayuwata a kan ni ne mutumin da ya gundure kyanwa, da ta ɗauka na ci amanarta.

Na zaɓi safiyar Asabar, ranar da ba ta fita da wuri. Na yi ta maimaita jawabin a hanyar dawowa daga masallaci, har da inda zan tsaya ta yi dariya. Na same ta a kicin, tsaye kusa da taga da hijabin sallarta, Tapau na goga mata kai a ƙafa.

"Dakta," na ce, don haka nake kiranta in ina neman sassauci, "akwai wata magana da za ki ji a gari, in ma ba ki riga kin ji ba. Ina so ki ji gaskiyarta daga bakina."

"Ina jin ka, Malam."

Na zage na ba ta labari tun daga kwandon Tapau. Na kwaikwayi likitar, da "boring only" ɗinta, da yadda ta dube ni. Na ba ta labarin hankaki, da Darakta, da Akanta mai ɗingishi. Na kwaikwayi Maman Adnan da rigar shanya a hannu, na kwaikwayi Zulkiflu da hujjarsa. Ban taɓa ba da labari ya yi daɗi haka ba, ni kaina ina dariya har da riƙe ciki. Sannan na gyara murya na kawo hatimi.

"Wallahi, Ruƙayya, ba wani malami. Ban nemi komai ba, ban roƙi komai ba. Don kyanwar nan ne kawai. Maganar da na gaya miki tun can tana nan, ni na haƙura."

Na tsaya ina jiran dariya. Ba ta zo ba.

Sai a lokacin na lura tun da na shigo hannunta na dama a dunƙule yake. Ta buɗe shi a hankali. Gero ne, ya manne a tafinta saboda gumi.

"Maman Adnan ta gaya mini tun ranar," in ji ta. "Na ɗauka ka fara roƙo ne."

Ta ci gaba da magana.

"In ka tafi masallaci sai in zuba nawa a inda kake zuba naka. In ce, ya Allah ga na Malam, ga nawa, Ka haɗa. Har na tambayi wata a lab, ta ce akwai likita a nan, very good, mace ce ma. Ina ta jiran ka yi magana in gaya maka." Ta dubi geron. "Ashe ni kaɗai ce."

Ba ta faɗe shi da fushi ba, da ma ta yi fushin da na fi samun sauƙi. Ta juya ta miƙa hannu ta sauko da farin bokitin, ta buɗe, za ta mayar da abin da ke hannunta. Ban san lokacin da na riƙe murfin ba.

"Ba ke kaɗai ba ce."

"Malam, yanzun nan ka rantse."

"Geron na kyanwa ne, wannan gaskiya ne. Amma ina so, Ruƙayya. Ban taɓa daina so ba. In na ji Adnan yana saukowa da jakar makaranta yana kiran babansa, kicin nake shigewa in buɗe famfo."

Maganar ta fito mini a karkace, ba irin jawabin da na saba shiryawa ba, muryata ma ba tawa ba. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da wani abu kamar an sauke mini buhu daga ka. Ruƙayya ta juyo ta dube ni.

"To me ya sa ka ce ka haƙura?"

"Don ki daina kuka."

"Ban daina ba, Malam," in ji ta. "A bas nake yi."

Na tsaya riƙe da murfin bokiti, na rasa inda zan ajiye shi.